Dajin Babban Hanji: Na Matashi da Na Dattijo

Tambaya: Likita, shin ciwon dajin babban hanji yana kama matasa, ko sai tsofaffi?

Amsa: Yana kama su, yana ma ƙaruwa a tsakanin 'yan ƙasa da shekara 50. A wurinsu ya fi fitowa ta ɓangaren hagu, kusa da dubura. Sai a ga jini a bayan gida a ce basir ne, kafin a farga ya yi nisa. Wanda ake gadonsa daga iyaye ma ya fi yawa a cikinsu fiye da a cikin tsofaffi. Tsofaffi kuwa sau da yawa ta dama yake kama su, da ƙarancin jini da kasala. Idan jini ya ƙi tsayawa, a je a leƙa hanjin da kyamara. A 2021 Amurka ta mayar da shekarun fara gwajin wannan ciwo 45.