Tambaya da Amsa: Kifin dutse na mutanen Masar, gunki ne ko me?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a warware mana wani musu. Yarona ne ɗan aji biyu na sakandare ya nuna mani hoto a waya, wani dutse mai faɗi an sassaƙa shi kamar kifi har da ido, wai na mutanen Masar ne tun kafin zamanin fir'aunoni. Nace mashi gunki ne ya goge mani shi, shi ko ya kafe wai ba gunki bane, har babanshi yace mu tambayo ku.
Maman yara, daga Daura

AMSA: Wa alaikumussalam Hajiya. To wannan karon dai yaro ya ci musu, sai haƙuri. Dutsen niƙa kwalli ne, wato kayan kwalliya, ɗan'uwan tandun tozalin da kakanninmu ke ajiyewa a bakin gado.

Mutanen da suka yi shi sun zauna a kudancin Masar a gaɓar kogin Nilu, wajen shekara 4000 zuwa 3100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ana kiran zamanin da sunan garin Naƙada wanda ke arewa da Luksor. Wani Bature ɗan Ingila Flinders Petrie shi ya tona maƙabartar wurin a 1894 zuwa 1895, kaburbura sama da 2000, kuma yayi ta cin karo da irin waɗannan duwatsun, sau da yawa a kusa da fuskar mamaci ko hannunshi, wani lokaci har da ɗan dutsen gugan a gefe.

Yadda ake aiki da shi ba wuya, a ɗora ɗan ɓallin ma'adani a kai a yi ta murzawa da ƙaramin dutse mai santsi har ya zama gari sannan a shafa a ido. Da fari kore suka fi so, wani koren dutse ne da ake samun jan ƙarfe a jikinshi, akwai kuma baƙin nan mai ƙyalli na dalma wanda shine dai irin tozalinmu. Wasu duwatsun har yau in kika duba tsakiyarsu zaki ga sun lotsa saboda guga, da shatin koren a jiki, abin da ya haura shekara 5000 fa kenan! (Tunda zancen ya zo, wannan baƙin likitoci na hana sa ma jarirai saboda gubar dalma, a kula.)

Dutsen ma ba a bakin ƙofa suke tsintarshi ba, daga Wadi Hammamat ake ɗebo shi, can cikin hamada tsakanin Nilu da Bahar Maliya. A cikin siffofin dabbobin da suke sassaƙawa kifi ya fi yawa musamman karfasa, sai kififfiya da tsuntsaye, akwai dorina da giwa da rago. Idon su kan ɗan fafe shi su sa ɗan farin zobe na ɓawon ƙwan jimina ko na katantanwa, sannan yawanci akwai ƴar huda a sama ta zura igiya a rataye.

Amma kema Hajiya baki faɗi ƙasa warwas ba, dan mutanen ba musulmi bane kuma suna da camfe-camfensu, binne mutum da kayanshi ma ai alama ce, mu nan ƙasar Katsina an ga irin haka a kaburburan Durɓi ta Kusheyi wajen Mani. Wasu masana na ganin sun zaɓi karfasa ne saboda tana riƙe ƙwanta a baki har ƴaƴan su fito, sai suka ɗauke ta alamar sabuwar rayuwa. Ni dai wannan hasashe na ɗauke shi, tunda lokacin basu fara rubutu ba.

Daga baya abin ya koma na sarauta, aka riƙa yin manya masu zane wanda ba kowa zai niƙa kwalli a kai ba. Wanda yafi suna shine na sarki Narmer da aka samu a 1898 a tsohon garin Nekhen, tsawonshi kamar santimita 64, an zana wasu dabbobi biyu masu dogon wuya sun sarƙe wuyansu sun bar da'ira a tsakiya, wurin niƙan kenan. Ki ce ma yaron ya nemo maki hoton wannan ɗin ku kalla tare.