Tambaya da Amsa: Aikin Alƙalamin Vince Gilligan da Makin Masu Kallo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na gama kallon Breaking Bad, kuma na ji ana cewa Vince Gilligan ne marubucinsa. Ina roƙon ka bayyana mini rubuce-rubucensa da suka fi samun maki a wurin masu kallo, domin ni a ganina babu kashin da ya kama ƙafar "Ozymandias".

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin in shiga amsa, ina sanar da wanda bai kalli shirin ba cewa dole in taɓo yadda wasu al'amura suka ƙare.

Kashin da ka ambata ya cancanci yabon da ka yi masa, amma ba Gilligan ne ya rubuta shi ba. Moira Walley-Beckett ce ta rubuta "Ozymandias", Rian Johnson ya ba da umarni, aka haska shi a ranar 15 ga Satumba, 2013. Ya shafe shekaru yana riƙe da maki 10 cikin 10 a shafin IMDb, inda masu kallo ke ba fina-finai da shirye-shirye maki, kuma da shi marubuciyar ta ci lambar yabo ta Emmy a 2014, inda ta kayar da ubangidanta Gilligan, wanda shi ma yana cikin 'yan takara. Gilligan da kansa ya faɗa cewa wannan kashi ya fi duk sauran da suka yi.

Gilligan shi ne ya ƙirƙiro shirin, shi ne kuma jagoran marubutansa, amma daga cikin kashi 62 da tashar AMC ta haska tsakanin 2008 da 2013, 13 ne kawai ke ɗauke da sunansa a matsayin marubuci. A irin waɗannan shirye-shirye na Amurka, marubuta kan taru a ɗaki ɗaya su yi ta muhawara a kan labari, suna rubuta kowace fitowa a kati suna mannawa a allo, sai tsarin ya kammala sannan a damƙa wa mutum ɗaya ya je ya rubuta maganganun 'yan wasa. Saboda haka hannunsa yana cikin kowane kashi, ko da sunan wani ne ya fito a fuskar talabijin.

A cikin nasa na kansa, biyu ne suka daɗe a kan maki 9.9, kuma duka biyun shi ya rubuta, shi ya ba da umarni. Na farko shi ne "Face Off", ƙarshen zango na huɗu, na Oktoba 2011. A nan ne Walter White, malamin kimiyyar sinadarai da ya koma haɗa muguwar ƙwaya bayan an gano yana da ciwon dajin huhu, ya ga bayan Gus Fring, babban dillalin ƙwayar da yake yi wa aiki, ta hannun tsohon maƙiyin Gus ɗin, Hector Salamanca, dattijon da ba ya iya magana sai dai ya kaɗa ƙararrawar da ke jikin kekensa na guragu. Bayan bam ɗin da Walter ya ɗaura a keken Hector ya tashi, Gus ya fito daga ɗakin da ƙafarsa, ya tsaya ya gyara ɗaurin wuyansa, sai da kyamara ta zagayo aka ga rabin fuskarsa babu. Mutane sun fi tuna wannan, amma abin da ya fi girgiza ni shi ne hoton ƙarshe, inda kyamara ta matsa a hankali zuwa ga wata tukunyar fure a bayan gidan Walter, mai kallo ya gane ba tare da an furta kalma ɗaya ba cewa shi ne ya sa wa ƙaramin yaro guba domin ya jawo abokin aikinsa Jesse Pinkman gefensa.

Na biyu shi ne "Felina", rufewar shirin baki ɗaya, wanda kimanin mutum miliyan 10.3 suka kalla a Amurka a daren 29 ga Satumba, 2013. Darajarsa a wurina tana cikin ɗan zaman da Walter ya yi da matarsa Skyler a ɗakin girki, inda a ƙarshe ya daina fakewa da iyali, ya amsa cewa don kansa ya yi duk abin da ya yi, kuma ya ji daɗin yinsa. Sauran kashin kuwa, ina ganin komai ya tafi wa Walter daidai fiye da yadda ya kamata, shi ya sa nake fifita "Face Off" a kansa. Bayan waɗannan sai "Full Measure" na ƙarshen zango na uku, da "Box Cutter" da ya buɗe na huɗu, inda Gus ya shigo ɗakin haɗa ƙwaya ya sauya tufafi a natse, Walter yana ta zuba dalilai don ya tsira da ransa, shi kuwa bai ce uffan ba har ya yanka wani ma'aikacinsa na kansa a gaban Walter da Jesse.

Sai dai ka lura cewa yawancin masu manyan makin nan ƙarshen zango ne. Mai kallo yakan ba da maki mai yawa a daren da aka warware masa ƙullin da ya daɗe yana jira, ya manta da kashin da aka ɗaura ƙullin a cikinsa. Da za a tambaye ni inda aka fi ganin gwanintar Gilligan, zan nuna kashi na uku na zangon farko. Walter ya tsare wani dillalin ƙwaya a ɗakin ƙasa, an maƙale wuyansa da makullin keke, ya rasa yadda zai yi da shi, har ya ɗauki takarda ya jera dalilan barinsa da rai a gefe guda, dalilin kashe shi a ɗaya gefen. Sun yi hira, ya ji tausayinsa, ya hau sama ɗauko mabuɗi. A nan ne ya tsinto gutsattsarin farantin da ya fashe ɗazu daga kwandon shara, ya jera su a kan tebur, ya ga gutsure ɗaya mai tsini babu shi. Yadda ya riƙa lalube yana fatan ya yi kuskure ya nuna mutumin da bai riga ya zama mugu ba, amma ya san ƙofar komawa ta fara rufewa. Duk abin da ya biyo baya a zango biyar daga wannan tebur ya taso.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni mace ce mai son labaran bincike. Shin wannan marubuci ya yi wani abu kafin Breaking Bad da ya cancanci a nema?

AMSA: Barka kadai, Malama. Ya yi, kuma a can ya koyi sana'ar. Ya fara rubuta wa shirin The X-Files a 1995, shirin da ke bin jami'an hukumar bincike ta Amurka (FBI) biyu, Mulder da Scully. Tunda bincike kike so, ki fara da "Pusher" na 1996, labarin mai kisan da ke iya juya tunanin mutane da muryarsa, sannan "Paper Hearts" na wannan shekarar, inda wani fursuna da ya kashe 'yan mata ƙanana yake wasa da hankalin Mulder a kan ƙanwar Mulder ɗin da ta ɓace. "Bad Blood" na 1998 yana cikin waɗanda masu kallo suka fi ba maki a shirin gaba ɗaya, ko da yake ya fi karkata ga ban dariya: jami'an biyu kowa yana ba da labarin abu ɗaya ta yadda ya gan shi.

Kada ki tsallake "Drive", shi ma na 1998. Ɗan wasa Bryan Cranston ya fito a matsayin wani mutum mai baƙin hali da mugun baki, wanda dole a yi ta gudu da shi a mota zuwa yamma, in an tsaya ya mutu, amma kafin ƙarshe sai mai kallo ya tsinci kansa yana yi masa fatan tsira. Wannan aiki ne Gilligan ya tuna da shi shekaru bayan haka, ya nuna wa shugabannin AMC da suke shakkar ba Cranston matsayin Walter White saboda sun san shi da wasan barkwanci. Cranston ya ci Emmy sau huɗu da wannan matsayi.

TAMBAYA: Malam, lokacina kaɗan ne. Zan iya zaɓar masu manyan maki kawai in kalla?

AMSA: A The X-Files za ka iya, domin waɗanda na lissafa kowanne labari ne mai cin gashin kansa. A Breaking Bad ban ba ka wannan shawara ba. Wanda bai ga yadda Gus ya daɗe yana zuwa gidan tsofaffi yana ƙuntata wa Hector ba, ƙararrawar nan ba za ta ce masa komai ba. Haka abin yake a Better Call Saul, shirin da ke bin lauya Saul na cikin Breaking Bad, wanda Gilligan da Peter Gould suka ƙirƙira, aka haska daga 2015 zuwa 2022. Kashin da Gilligan ya rubuta shi kaɗai a zangon ƙarshe, "Waterworks", ƙarfinsa yana wurin da Kim Wexler, lauya kuma abokiyar zaman Saul, ta fashe da kuka a cikin motar bas bayan ta je ta amsa laifinta a gaban matar mutumin da ita da Saul suka ɓata wa suna, kuma nauyin wannan kuka ba zai isa ga wanda bai bi ta tun zangon farko ba. Idan lokaci ya yi maka ƙaranci, ka kalli kashi uku na farkon Breaking Bad, waɗanda duka Gilligan ne ya rubuta su, daga nan ka yanke shawarar ko za ka ci gaba.