Karen Husky a gidan mai fita aiki

Malam, ka tambaya ko karen Husky zai dace da gidanka a Samaru, alhali kana fita aiki tun safe sai magariba, kuma gadi kake nema. A gaskiya bai dace ba. Mutanen Chukchi na Saiberiya ne suka fara kiwonsa domin jan kaya a kan ƙanƙara, shi ya sa yake buƙatar doguwar tafiya kullum, ga taurin kai, kuma yakan kaɗa wa baƙo wutsiya maimakon ya yi masa haushi.

Na gani a gidan maƙwabcinmu, idan aka ɗaure shi wuni guda sai ya yi ta kuka yana tona gindin katanga, ranar da ya kuɓuce kuwa kajin unguwa ne ke shan wahala. Gashinsa ninki biyu ne, zafin Maris da Afrilu na Zariya yana galabaitar da shi ƙwarai. In ka nace, to sai kana da fili mai inuwa da wanda zai fita da shi bayan asuba, sannan ka kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a yi masa rigakafin ciwon haukan kare.