Photoshop CS6 a laftof mai allon 4K: me ya sa rubutu ya ƙanƙance?

Malam, ka ce tun da ka sayi laftof mai allon 4K, rubutu da maɓallan Photoshop CS6 suka ƙanƙance har sai ka matso da ido. Kwamfutarka lafiya lau take, manhajar ce ta tsufa. A 2012 aka fitar da CS6, lokacin da irin wannan allo bai yaɗu ba. Naka yana da ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, cunkushe cikin inci 15, shi kuwa CS6 na Windows bai san ya ƙara girman kayan aikinsa ba.

Akwai dabara. Danna fayil ɗin Photoshop.exe da maɓallin dama na linzamin kwamfuta, ka shiga Properties, sai Compatibility, sai Change high DPI settings, ka kunna Override, ka zaɓi System. Komai zai girma, amma da dishi-dishi, har hoton da kake gyarawa. Wannan ne ya sa ni dai ban cika son ta ba, don kaifin hoto ka biya kuɗin allon.

In aljihu zai ɗauki kuɗin wata-wata, Photoshop CC daga na 2018 zuwa sama yana bin ma'aunin girman rubutu na Windows da kansa. In ba hali, sauke GIMP 3.0, wata manhajar gyaran hoto da ta fito a Maris 2025. Kyauta ne, kuma ya fi tsohon GIMP 2.10 dacewa da allonka nesa ba kusa ba.