Me ya haɗa mata da kwamitin sola?

Tambaya: Wani mai karatu daga yankin Funtua ya rubuto: "Malama, an zo za a kafa mana wutar sola a ƙauyenmu, sai masu aikin suka ce dole a sa mata a kwamiti, kuma sai sun zauna da matan gari kafin a kafa ko turke ɗaya. Ni ban ga haɗin ba. Wuta ta san namiji ko mace ne? In ta shigo gida ai kowa ya amfana."

Amsa: Malam, in maganar ƙwan fitila ce, gaskiyarka. In ya kama, mai gida da uwargida da yara haske ɗaya suke gani. Amma a gidajenmu na karkara ba fitila ce ta fi cin makamashi ba, murhu ne, sai niƙa, sai jan ruwa. Ka kuwa san hannun wa waɗannan suke.

Bari in ba ka abin da na gani da idona a wani ƙauye. Mun zauna da maza a ƙofar gidan mai gari, muka ce su faɗi abin da suke so wuta ta yi musu. Suka ce cajin waya, fanka da lasifika a masallaci, gidan kallon ƙwallo, fitilu a bakin kasuwa. Duk buƙatu ne na gaskiya. Da muka shiga cikin gida wurin mata, ba wadda ta ambaci ko ɗaya daga ciki. Injin niƙa suka fara kira, don yara kan kai hatsi garin gaba su wuni. Sai famfon burtsatse. Sai ungozoma ta ce ita da tocila a baki take karɓar haihuwa in dare ya yi, don hannuwanta biyu suna aiki.

Wannan jerin ba na hira ba ne, da shi injiniya ke lissafi. Daga abin da aka gaya masa yake sanin yawan faifan sola, girman batir, da ƙarfin na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Injin niƙa yana zuƙar wuta mai yawa lokacin tashi, ninkin abin da yake ci in ya riga ya kama gudu. In an auna aikin da fitilu da cajin waya kawai, ranar da aka jona injin sai komai ya ɗauke, kuma gyaran ya fi tsada a kan a ce tun farko an sa shi a lissafi.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ya shafi aljihunka kai tsaye. Sola da tsakar rana ta fi ba da wuta, daidai lokacin da maza ke gona ko kasuwa. Wutar dare sai an tara ta a batir, batir kuwa na cikin abin da ya fi tsada a aikin. Niƙa, markaɗen ƙosai da awara, matsar man gyaɗa, ɗinki, ƙanƙarar zoɓo da kunun aya, duk sana'o'in rana ne, yawancinsu kuma a cikin gida ake yin su. In kamfanin da ya kafa solar ya samu mai sayen wutar rana, sai ya iya sassauta wa kowa farashi. In bai samu ba, wutar ta tafi a banza, ku kuma ku biya kuɗinta da dare.

Murhu shi ne sola ba ta cika taɓawa ba, shi ya sa nake son a ji ta bakin mata a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a faɗin duniya, kuma mata da ƙananan yara suka fi shaƙar sa. Ɗanyen ice a damina, uwa tana hura wuta ido na hawaye, goyo a bayanta. In yaron ya kama tari sai mu ce sanyi ne. An daɗe ana kawo murhun zamani, irin Mai Sauƙi na Nijar da Save80 da aka sani a Kaduna da Kano, kuma suna rage cin ice sosai. Amma na sha ganin murhun da aka raba kyauta ya koma wurin kwanan kaza, saboda wanda ya zaɓo shi bai taɓa riƙe muciya ba. Tuƙin tuwon mutum goma sha biyar yana son tukunya ta zauna daram. In tana rawa, uwargida duwatsunta uku za ta koma, kuma ban ga laifinta ba.

Gas ma haka. Gwamnatin Najeriya ta amince da manufar girki mai tsafta a 2024, amma ice ana sayen sa ɗauri-ɗauri daga kuɗin cefane, tukunyar gas mai kilo 6 ko 12.5 kuwa sai an dunƙule kuɗi, kuma dunƙulallen kuɗi galibi a hannun mai gida yake. Mai shan hayaƙin daban, mai yanke shawarar saye daban.

To shawarata ga kwamitinku. Kada ku cike gurbi da sunan matar wane don kawai a ga an sa. Ku nemi waɗanda mata suka riga suka yarda da su: uwar adashi, ungozoma, malamar Islamiyya. Ba sai an haɗa su da maza a dandali ba. Mace ta zauna da su a cikin gida, da hantsi bayan an sauke tukunya, ta rubuta abin da suka ce. In uwar adashin ta yarda, ku ba ta ajiyar kuɗin wuta, ta saba bin mutane bashi ba tare da an ɓata ba. Sannan kafin injiniyan ya tafi, ku tambaye shi a gaban kowa ko ya sa injin niƙa a lissafinsa, kuma injin mai ƙarfin doki nawa ne, wato ma'aunin ƙarfin inji.