Me ya kai mu gidan tarihin Fafaroma?

Kawu, ka ce labari ya iske ka a Kano wai mu mazauna Roma muna shiga gidan gumaka. Gidan tarihin Batikan, mazaunin Fafaroma, ake nufi, kuma gaskiya ne, muna shiga. Amma ba kowa ba. Akwai dattijo a cikinmu da ya daɗe a garin nan, ko ƙofar bai taɓa leƙawa ba, kuma ba mai ce masa don me.

Yawanci baƙo ne ke kai mu. Ɗan'uwa ya zo daga gida, sai a jira Lahadin ƙarshen wata, ranar da ake shiga kyauta. Ana idar da asuba mu kama jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Ottaviano, mu tarar layi ya riga ya nannaɗe ganuwa. Matanmu ba sa shan wahalar masu gadi, don dokarsu a rufe kafaɗa da gwiwa. Na ga an tare baturiya saboda guntun wando, hajiya da mayafinta ta wuce abinta.

Gumakan suna nan, ba zan ɓoye maka ba, wasu ma tsirara. Tun 1506 aka fara tara su, zamanin Fafaroma Juliyos na Biyu. Idan da yara, nan muke ɗaga ƙafa mu nufi sashen Masar, inda gawarwakin zamanin Fir'auna suke cikin akwatunansu. Kallo muke, ba mai rusuna wa kowa.

Inda nake jan baƙo ya tsaya shi ne ɗakin da Rafayel ya zana masanan duniya a bango. Can gefen hagu ga wani mai rawani ya sunkuyo yana leƙen littafin wani: Ibn Rushd ne, alƙalin Kurɗuba ta Andalus, ɗan mazhabar Malikiyya irin tamu. A gidan Fafaroma fa, Kawu!

Makwabcina ɗan Katolika ne daga Kaduna, Hausa a bakinsa kamar ni. Da muka shiga majami'ar Sistin, inda ake zaɓen sabon Fafaroma, ni rufin da Mikelanjelo ya zana daga 1508 zuwa 1512 nake kallo har wuyana ya ƙage, shi kuwa hawaye yake. Ba a ɗaukar hoto a can, ba a hayaniya, shi ya sa ban turo maka ba.

Ƙarfe biyu ake rufewa ran nan, sai mu yi sauri gida don azahar.