Wai Wace Ce Rundunar Fatalwa?

Tambaya: Malam barka da aiki, don Allah wace runduna ce ta Jamus ake ce wa Rundunar Fatalwa, kuma me ya jawo mata sunan? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: To ɗan'uwa, runduna ta 7 ce ta tankokin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, an kafa ta a 1939, Janar Erwin Rommel ya karɓi ragamarta a Fabrairun 1940. Sunan ya samo asali ne lokacin da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, saboda tsabar saurinta ba Faransawa kaɗai ba, hatta hedikwatar sojan Jamus wani lokacin ba ta san inda take ba, shi kuwa Rommel yana can gaba cikin tankoki abinsa. Ran 13 ga Mayu suka tsallake kogin Meuse a wajen garin Dinant na Beljiyam, ran 21 sojojin Ingila suka ba su wuya a garin Arras na Faransa, amma ran 19 ga Yuni suka kama Cherbourg, garin tashar jiragen ruwa. Abin mamaki ma da yawa daga cikin tankokinta ƙirar ƙasar Czechoslovakia ne.

Sai dai fa kar saurin ya ruɗe ka, akwai masana tarihi da ke zargin sojojinta da kashe fursunoni baƙaƙen fata 'yan Afirka da ke yi wa Faransa yaƙi a yankin kogin Somme. Daga 1941 aka tura ta Rasha, ta yi yaƙin Kursk a 1943, ragowarta suka miƙa wuya ga Ingila a Mayun 1945.